Manhajar da Aka Ƙera a Legas, Mutumin da Ke Latsa Ta a Faru

Ranar Talata, ranar cin kasuwar Talata Mafara, duk wanda ya tsaya kusa da rumfar masu POS zai ga abin da ya zama ruwan dare a wannan yanki. Manomi ya sayar da buhunan shinkafar da ya noma da ruwan madatsar Bakolori, mai saye ya ce ya tura kuɗi, wayarsa ta nuna an cire, amma shi mai kaya bai ga alat ba. Sai a yi cirko-cirko. Wannan ba zai saki kaya ba, wancan ba zai sake biya ba, ga rana tana yi, ga hanyar komawa Faru ko Bakura ba ta son dare. Babu maƙaryaci a cikinsu. Wadda ta yi shiru ita ce na'urar da ke tsakaninsu, wadda ya kamata ta faɗa musu a fili inda kuɗin suka maƙale.

Mun saba ɗora laifin irin wannan a kan rashin sabis, mu ce a yi haƙuri. Gaskiya ne sabis yana da rauni a karkarar Zamfara. Sai dai wanda ya ƙera manhajar banki ya san da haka tun kafin ya fara aiki, ko kuwa ya kamata ya sani. Idan ya ƙera ta don mai babbar waya, mai intanet mai gudu, mai jin Turanci, wanda reshen bankinsa ke bayan gidansa, to zaɓi ya yi, kuma mutumin Faru ne ke biyan kuɗin wannan zaɓi.

A duba tsarin lambobin nan da ake latsawa a ƙaramar waya, masu farawa da tauraro. Su ne bankin talaka, domin ba sa buƙatar data. Amma a yawancin bankuna kowane shafi da Turanci yake zuwa, kuma lokacin da aka ba mutum ya karanta ya zaɓa gajere ne. Dattijon da ke haɗa baƙi a hankali, yana duba lambar asusu mai alƙaluma 10 da aka rubuta masa a takarda, kafin ya kai ƙarshe an katse shi, sai ya koma farko. Tun watan Maris na 2021 aka ƙayyade naira 6 da kwabo 98 a kan irin wannan hulɗa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma abin da ke biyo baya ya fi su tsada: dattijon nan yakan gaji, ya miƙa wa yaron shago wayarsa da lambar sirrinsa. Daga nan bankin da ya kasa yi masa magana da harshensa zai aiko masa da saƙo, da Turanci, cewa kada ya ba kowa lambar sirri.

Sai batun suna, wanda a ganina ya fi kowanne cin rai. Fom ɗin rajista yana tambayar sunan iyali, alhali Bahaushe bai gaji wannan tsari ba. Sunansa ne, sai na mahaifinsa, wani lokaci na kakansa ko na garinsu. Mutum ɗaya sai ya zama Muhammadu Sani a rajistar BVN da aka fara a 2014, ya zama Sani Mohammed a ta NIN, ya zama Muhammad Sani Faru a takardar makaranta, gwargwadon yadda ma'aikacin da ke zaune a ranar ya ga dama ya rubuta. Ranar haihuwa kuwa, da yawa daga cikin manyanmu da abin da ya faru a shekarar suke ƙirga ta, sai a cike musu 1 ga Janairu a wuce wurin. Da gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa layin waya da NIN a watan Disamba na 2020, sai waɗannan rubuce-rubuce suka fara karo da juna. Kwamfuta ba ta san Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ba ne, domin ba a koya mata ba. Gyaran harafi guda sai ya jawo rantsuwar kotu, da kuɗin mota zuwa Gusau, da kwana a gidan ɗan'uwa. A wani wurin wannan ɓata lokaci ne kawai. A ƙasar Maradun, inda kowace tafiya sai an yi shawara da iyali saboda 'yan bindiga, kalmar "ka zo ofishinmu" tana da nauyin da mai rubuta ta bai taɓa aunawa ba.

Sau biyu Zamfara ta ga iyakar wannan tsari da idonta. A farkon Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. Mai kuɗi a asusu ya wayi gari ba shi da hanyar taɓa su. Bayan shekara guda da 'yan watanni Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, aka tura kowa zuwa tiransifa a lokaci guda, manhajoji suka riƙa faɗuwa. Ba banza ba Zamfara ta kasance cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli. A wannan lokacin ne jama'a suka yi ƙaura zuwa irin su OPay da Moniepoint, ba don talla ba, sai don kuɗi suna shiga nan take a ga shaida.

Gyara kuwa ba gagara ya yi ba, mun ma gan shi. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta daidaita gajerun lambobin kamfanonin waya, ya zama 310 ce ta duba ragowar kuɗi, 311 ta sa kati, ko wane layi mutum yake riƙe da shi. Ƙaramin abu ne, amma ya sauke wa miliyoyin mutane haddar da ba ta da amfani. Haka nuna sunan mai asusu kafin a tura kuɗi ya hana asarar da ba a iya ƙirgawa. A Kenya, M-Pesa da aka fara a 2007 ta ginu ne a kan ƙaramar waya da wakilin unguwa. Mu ma a nan, abin da ya sa WhatsApp ya shiga ƙauyukan da jarida ba ta taɓa zuwa ba shi ne saƙon murya: ka danna, ka yi magana, ka saki. Me zai hana banki ya karanta wa mutum da Hausa nawa zai tura, kuma wa zai tura wa, kafin ya amince? Mutanen da muke kira marasa ilimi, da yawansu suna karanta ajami tun suna yara, kuma lissafin buhu da tiya ba ya kuɓuce musu.

Akwai ma haƙƙin da doka ta riga ta bayar amma ba a sanar da masu shi ba. Tun watan Yuni na 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su warware rikicin cirar kuɗi ta POS cikin awa 72, kuma NCC tana da layin ƙorafi na kyauta, 622. Wannan bayani ya kamata ya fito a fuskar waya, da Hausa, a daidai lokacin da ciniki ya faɗi, tare da lambar shaida da ranar da kuɗi za su dawo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, cike da matasan da suka san kwamfuta kuma suka san yadda iyayensu ke riƙe waya. Bankin da ke son sanin ingancin manhajarsa ya ɗauki goma daga cikinsu, ya ba su ƙananan wayoyi, ya zaunar da su a rumfar mai POS ranar Talata, su rubuta duk inda mutum ya tsaya, da abin da ya tambaya, da wanda ya miƙa wa wayarsa.