Wandon ƙarfe mai koya wa mara lafiya tafiya

Manomin rake a Kudan ko Maƙarfi ya kwanta lafiya, ya wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari guda sun ƙi motsi. Abin da ya kamata dangi su fara ganewa shi ne, ƙafar lafiyarta lau. Ciwon yana ƙwaƙwalwa: wata jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, galibi saboda hawan jini, sai hanyar da umarni ke bi zuwa ƙafa ta yanke.

Amma ƙwaƙwalwa tana iya fidda sabuwar hanya, kamar yadda sawun mutane ke fidda 'yar hanya a tsakiyar gona. Sharaɗin shi ne a yi ta takawa. A kan wannan aka ƙera na'urar da zan kira wandon ƙarfe.

Ga yadda ake aiki da shi. Likitan gashin ƙashi zai auna tsawon cinya da ƙwauri, ya daidaita sandunan na'urar, ya ɗaure su da maɗauri daga ƙugu har tafin ƙafa. Akwai ƙananan injina a ƙugu da gwiwa, batir kuma a gadon baya. Da mara lafiya ya miƙe ya karkata nauyinsa kan ƙafa ɗaya, na'urar za ta ji, ta ɗaga ɗayar ta jefa ta gaba. Da farko injin ne ke yin kusan komai. Sannu a hankali likita yana rage taimakon, har ƙafar ta karɓi aikinta. Mutumin da a da sai ƙarti biyu sun tallabe shi ya yi taku goma, yanzu zai yi ɗaruruwa a zama guda.

Cikin irin waɗannan na'urori akwai Lokomat na kamfanin Hocoma a Suwizalan, wanda ake rataye mutum a kan bel mai gudana. Akwai HAL na Farfesa Yoshiyuki Sankai a Japan, mai jin saƙon jijiya ta saman fata. Ekso GT kuma ya sami izinin hukumar magunguna ta Amurka a 2016. Nazarin Cochrane na 2020 ya nuna waɗanda ba sa iya tafiya, kuma aka fara musu atisaye da na'urar cikin wata 3 na farko, su suka fi amfana, kuma sai an haɗa da gashin ƙashi na yau da kullum.

Kuɗin irin wannan na'ura ya haura dala dubu 100, abin da ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma. Amma wata ukun farkon nan ne suka fi damuna, domin a wajenmu sukan ƙare mutum yana kwance a ɗaki ana shafa masa mai, ana cewa iska ce ta buge shi. Daga Kudan ko Maƙarfi zuwa asibitin koyarwa na Shika ba wata doguwar tafiya ba ce. A kai mara lafiya ranar da abin ya faru. In an sallamo shi, a bi atisayen da likita ya nuna, a kafa gora biyu a tsakar gida daidai ƙugunsa, ɗa ko ƙane ya tsaya a ɓarin da ya shanye, safe da yamma yana ƙirga masa taku.