Yadda Kwamfuta Ta Ke Zaɓen Iri Kamar Manomi

Duk wanda ya taɓa zama da fensir da takarda don tsara jadawalin darussan makaranta ya san wahalar da mu ke nufi. Malami ɗaya ba ya shiga aji biyu a lokaci guda, ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar aji biyu, kuma ba a raba malami a ce rabi nan rabi can. In aka yi kuskure, yara ne za su wuni ba malami. Masana lissafi sun daɗe da sanin irin wannan matsala, watau neman tsari mafi kyau da cikakkun lambobi, ba tare da karya sharaɗi ba.

To, me zai hana a gwada kowace hanya? Darussa 10 kaɗai ana iya jera su ta hanya 3,628,800. In sun kai 15, hanyoyin sun haura miliyan sau miliyan. Na makaranta sukutum kuwa, ko kwamfuta ba ta iya ƙirga su.

Wani shaihin malami, John Holland na Jami'ar Mishigan a Amurka, ya bayyana wata dabara a littafinsa na 1975. Dabarar kuwa manomanmu sun san irinta, don da kaka su kan ware zangarniya mafi kyau su ajiye iri. Haka kwamfuta ta ke yi. Ta kan fara da jadawali kamar ɗari, duk na kame-kame. Sai ta auna kowane, wanda ya karya sharaɗi ta ci shi tara, watau ta rage masa maki. Sa'an nan ta zaɓi masu maki, ta ɗauki ranakun farkon mako daga wannan, na ƙarshe daga wancan, ta haɗa sabo. Jefi-jefi ta kan musanya darasi biyu, don kada iri ya zama ɗaya. Haka za ta yi ta yi, zuriya bayan zuriya, har masu tara su ƙare ko su ragu.

Amma fa a lura, dabarar ba ta alkawarin amsar da ta fi kowace, sai dai mai kyau cikin ɗan lokaci. Kuma abin da aka gaya mata shi kaɗai ta sani. In mun manta ba mu rubuta mata lokacin sallar Juma'a ba, za ta sa darasin lissafi a daidai lokacin, kuma laifin namu ne. Saboda haka muna jan hankalin malaman da mu ke horaswa: su fara koyon rubuta sharuɗɗansu dalla-dalla tun kafin su je gaban na'ura.