A Fara Auna Banɗaki Kafin A Ɗora Bulo

A yawancin gidajenmu banɗaki ne ƙarshen abin da ake tunawa da shi. Sai an gama ɗakin maigida da ɗakunan mata, an tsayar da zaure, an ware madafa da turken awaki, sannan a waiga a ce wa magini: "Malam, ga ɗan lungun can da ya rage, a yi mana makewayi." Shi kuwa magini abin da aka nuna masa shi zai yi. Bayan damina ɗaya ko biyu sai a fara ganin sakamako: rami ya rufta, katanga ta tsage, ruwan wanka ya kwanta a lungu, ƙuda na kai-komo tsakanin masai da akushi.

Wannan magana ta fi shafar 'yan'uwanmu Hausawan Sudan a yanzu. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar, Hausawa suka yi ta bazuwa a gaɓar Shuɗin Nilu da cikin gonakin Jazira. A 'yan shekarun nan wahala ta auka musu sau biyu. Rikicin jihar Shuɗin Nilu a 2022 ya kori dubbai daga yankunan Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, da yawa suka fake a makarantu. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya ci Wad Madani a Disambar 2023, sojojin gwamnati ba su koma cikinta ba sai Janairun 2025. Ana cikin haka ma'aikatar lafiya ta bayyana ɓarkewar kwalara a Agustan 2024. Waɗanda ke komawa gida suna tarar da gyara ko sabon gini a gabansu, kuɗi kaɗan, fili a matse, ga dangi da suka taru a gida ɗaya. Tun ran gini tun ran zane, in ji Hausawa.

Akwai wasu mutane da matsi ya koya wa wannan lissafi, kuma za mu ƙaru da su ko da yake rayuwarsu ta yi nisa da tamu. A Amurka akwai masu sayen tsofaffin motocin makaranta, waɗannan dogaye masu launin ruwan ɗorawa, su cire kujerun su mayar da su gida. Babbar cikinsu tsawonta ya kai mita 12, faɗinta a ciki kamar mita 2.3, rufinta kuwa dogon mutum na iya dukansa da kai. In aka cire wurin direba, abin da ya rage bai wuce babban ɗaki guda ba, kuma a cikinsa za a saka gado da madafa da wurin zama da banɗaki. Masu wannan aiki sun gane cewa gado ana iya matsar da shi gobe, amma banɗaki inda aka kafa shi nan zai zauna, domin a ƙarƙashinsa ake huda bututu, a rataya tankin ruwan datti tsakanin ƙarafan motar. Ga tudun da ke rufe tayoyin baya da ba ya gusawa, ga ƙofar gaggawa da bai kamata a toshe ba. Ruwa kuma nauyi gare shi, kowace lita kilo guda ce, tankin lita 300 in aka jingine shi gefe ɗaya sai mota ta karkace. Don haka banɗaki suke fara zanawa, sauran gida ya bi bayansa.

Kafin su yanka katako ko ɗaya, sukan manna tef a daɓen motar su fitar da siffar banɗakin, su shiga ciki su zauna, su miƙe, su ɗaga hannu kamar mai cuɗa kai. Wurin wankansu yakan kasance santimita 80 ko 90 kowane gefe. Wasu kan haɗa wanka da bahaya a ɗaki ɗaya don rage cin fili, su haƙura da jiƙewar ko'ina. Wasu su raba su, su sadaukar da wani abu. Da yawa cikinsu suna amfani da masan da ke raba fitsari da bayan gida, ruwan wanka kuma ya bi hanyarsa daban. Abubuwa uku ke nan da za mu ɗauka: a fara da banɗaki, a auna shi da jikin mutum, a kuma raba ruwa da ƙazanta.

A Jazira abin da ke yanke hukunci ita ce ƙasa. Tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu baƙar laka ce shimfiɗe, wadda ta sa Turawan Ingila suka gina madatsar Sinnar suka buɗe gandun auduga a 1925. Da rani takan bushe ta daddare har hannu ya shige cikin tsagar, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta toshe. Manomi na son ta don tana riƙe ruwa, amma mai haƙa masai dole ya yi hattara da ita, domin wannan kumburi da motsewa su ke ture bangon rami, kuma in ta jiƙe ba ta tsotse ruwa sai a hankali ƙwarai.

Bari mu yi lissafi. Injiniyoyin tsafta na ƙiyasta cewa mutum ɗaya na tara kimanin lita 40 zuwa 60 na ƙazanta a rami cikin shekara. Gida mai mutum 10 zai tara kusan lita 500 ke nan. Rami zagayayye mai faɗin mita 1.2 da zurfin mita 3, in aka bar rabin mita na sama, zai ɗauki lita 2,800, wato aikin shekara biyar zuwa shida. To amma in mutanen nan 10 kowa ya yi wanka da bokiti mai lita 15 ruwan ya gangara cikin wannan rami, lita 150 ke shiga kullum. A lakar da ba ta sha, ramin shekara biyar zai tumbatsa cikin sati uku, bangonsa ya jiƙe ya saki. Wannan shi ne babban dalilin ruftawar masai da damina. Ruwan tsarki na buta rami zai iya ɗauka. Ruwan wanka da na wanki a yi musu tasu rariya, a kai su wani rami mara zurfi da aka cika da tsakuwa da fasassun jan bulo, ko a sake su gindin bishiyar darbejiya ko lemo can nesa da gini. Kada a bar su su kwanta a jikin harsashin ɗaki, don laka za ta kumbura a gefe ɗaya ta tsaga katanga.

Shi kansa ramin a yi shi zagayayye, ya fi mai kusurwa jure matsin ƙasa. A gina cikinsa da jan bulo, a ƙasa ana barin 'yan ƙofofi tsakanin bulo da bulo, amma rabin mita zuwa mita guda na sama a haɗe shi da siminti ba ƙofa. A ɗaga bakinsa ya fi tsakar gida tsayi, a yi masa gangare, musamman a garuruwan gaɓar kogi inda ruwa ke cika a Agusta da Satumba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ita ce rami ya nisanci rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa da aƙalla mita 30, ƙasansa kuma ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita ɗaya da rabi. Inda ruwa ke kusa, gara a rage zurfi a ƙara tsayi a sama. Mai hali ya yi rami biyu gefe da gefe: in ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana amfani da ɗayan, kafin nan abin da ke ciki ya zama taki.

Sai girman ɗakin. A nan ba mu da tef, amma muna da toka. Maigida ya zana siffar ɗakin a ƙasa, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya da santimita 20 a tsawo, ya shiga da buta a hannu ya tsuguna. Ya duba: bayansa na gogar layin baya? Gwiwarsa ta kai inda ƙofa za ta kasance? Ina zai ajiye butar da ba zai ture ta ba? Sannan uwargida ita ma ta gwada, ta tuna da lokacin da take da tsohon ciki, ko tana riƙe da yaro tana yi masa tsarki. In akwai tsoho a gidan a kamo hannunsa a shiga da shi, nan take za a ga cewa mutum biyu ba sa juyawa a mita ɗaya. Gidan da ke da tsoho, ko wanda yaƙi ya raba da ƙafa, yana bukatar mita ɗaya da rabi kowane gefe, da ƙofa mai santimita 90, da ƙarfe ko igiyar kamawa, da ɗan dakalin zama mai tsayin kujera. Ƙofa ta buɗe waje, don in wani ya yanke jiki ya faɗi a ciki a iya kai masa ɗauki. Bakin masai kada faɗinsa ya wuce santimita 18 zuwa 20, saboda yara. Wurin wanka ya sami mita ɗaya da santimita 20 kowane gefe, daɓensa ya gangara da santimita biyu a kowace mita zuwa rariya. Kafin siminti ya gama ƙamewa a zuba ruwan buta a ga inda ya nufa. In ya tsaya, magini bai gama aiki ba.

Wane ɓangaren gida ya dace? A tsakiyar Sudan iska daga arewa take kaɗowa da rani, da damina kuma ta juyo daga kudu. Banɗakin da aka kafa arewa ko kudu da madafa zai kai mata wari rabin shekara, don haka gabas ko yamma da ɗakuna ya fi. Akwai kuma maganar alƙibla. Malaman Malikiyya sun sassauta ga wanda ke cikin gini, duk da haka mai sabon gini ba shi da dalilin fuskantar da masai gare ta ko juya mata baya. A ƙasar Hausa gabas ake kallo, amma daga Wad Madani ko Sinnar Makka na arewa maso gabas ne. Mai tsuguno ya fuskanci kudu maso gabas ko arewa maso yamma, sai alƙibla ta kasance a gefensa. A sa katangar sutura a gaban ƙofa don mata su shiga su fita ba a idon baƙi ba, da sakata a ciki, da 'yar fitila mai aiki da hasken rana saboda kunama da maciji. Banɗakin da mace ke tsoron shiga da dare, a bayan katanga za a biya bukatarsa.

Wari da ƙuda kuwa suna da maganin da ba shi da tsada. A shekarun 1970 masu bincike a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau suka fito da dabarar bututun iska: a dasa bututu mai faɗin santimita 11 zuwa 15 daga cikin rami, ya wuce rufi da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iska na shiga ta bakin masai ta fita ta bututu da warin. Ƙudan da ya ƙyanƙyashe a rami yana bin haske, ya hau bututu, raga ta tare shi ya mutu. Sharaɗin shi ne cikin ɗakin ya ɗan yi duhu, kuma kada a toshe bakin masai. Wanda bai sa bututu ba shi ne zai yi murfi mai mariƙi, a riƙa rufewa kowane lokaci.

Mazauna kambo, wato unguwannin 'yan ƙwadagon gandu da ke gefen magudanan ban-ruwa, suna da tasu matsala: filin ba nasu ba ne a takarda, don haka mutum ba ya son zuba kuɗi a ginin da za a iya tashinsa. Gare su akwai murfin kankare mai ɗan doro da aka fara yi a Mozambik a ƙarshen shekarun 1970. Ba ya bukatar rodi, kuma in rami ya cika ko an tashi, sai a mirgina shi zuwa sabon wuri a kewaye da zana. Wannan ya fi zuwa bakin ruwa nesa ba kusa ba. Ƙwan tsutsar tsargiya na fita ne cikin fitsari da bayan gida. In ya shiga magudana ya ƙyanƙyashe ya shige dodon-koɗi, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai ban-ruwa. Shi ya sa aikin lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979 don yaƙar tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da gudawa bai tsaya ga rabon magani ba, ya haɗa da ruwan sha da masai.

A ƙarshe, a bar wurin jarka da sabulu a bakin ƙofa, ko toka in sabulu ya gagara, domin a hannu kwalara ke hawa ta isa kwanon abinci. Kira ga magidanta da maginan Mai Wurno da Hasahisa da Managil da Damazin, da limamai da masu unguwa: duk wanda zai tayar da katanga bana, ya fara tsayar da wurin rami da hanyar ruwan wanka, ya zana da toka ya gwada da iyalinsa, sannan a kawo bulo. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.