YADDA AKE HARHAƊA ƊAN ƘARAMIN JIRGIN SAMA MAI TASHI DAGA KAN RUWA

A cikin shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mayaƙan sama na Ingila sun girke wata runduna tasu mai lamba 270 a Apapa, nan Ikko. Jiragen da rundunar nan ta zo da su ba su bukatar fili ko kwalta. A kan ruwa suke sauka, daga kan ruwa kuma suke tashi, su tafi sintiri a teku suna neman jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Sunan irin wannan jirgi Catalina. Kamfanin Consolidated na Amurka shi ya ƙera shi, ya fara tashi a 1935, kuma kafin a daina yinsa an ƙera fiye da 3,000. Injinansa biyu ne, cikinsa kamar na kwalekwale, faɗin fukafukansa kuwa daga wannan baki zuwa wancan ƙafa 104.

Yanzu kaɗan ne suka rage masu iya tashi. To, amma a ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane da yawa, likitoci da kafintoci da 'yan fansho, waɗanda abin sha'awarsu shi ne su harhaɗa ɗan ƙaramin jirgi irinsa da hannunsu, su kai shi bakin tafki, su tashe shi suna sarrafa shi daga ƙasa da akwatin rediyo. In aka rage girman Catalina sau 16, za a sami jirgi mai fukafukai ƙafa 6 da rabi, watau ya ɗara tsawon mutum. Duk wanda ya taɓa yin motar kara ko ta waya yana yaro ya san daɗin irin wannan aiki. Bambancin kawai, motar kara in ta karye an yi asarar wuni guda ne, shi kuwa wannan jirgi yana cin watanni da kuɗi masu kauri, kuma yana iya nutsewa tun ran farko a gaban idon mai shi.

ICEN DA BA SHI DA NAUYI

Kayan aikin sukan zo ne cikin dogon kwali: babbar takarda mai zanen jirgin daidai girmansa, da fallayen katakon balsa waɗanda aka riga aka yanka, da 'yan sanduna, da ɗan filawud na wuraren da ke ɗaukar wahala. Inji da rediyo da gam da fenti, mai aiki shi zai saya daban.

Shi balsa ice ne na ƙasashen zafi na nahiyar Amurka, kuma ƙasar Ikwado ce ta fi kowa fitar da shi. Ɗan'uwan rimi ne da kuka, dangi ɗaya masana suka sa su. Yana da saurin girma ƙwarai, cikin shekara 6 zuwa 10 ya isa sara. In ya bushe, yaro ma ya ɗauki gungumensa, farce kuwa yana shiga cikinsa. Duk da haka yana da ƙarfi gwargwadon nauyinsa, shi ya sa Ingilishi suka yi amfani da shi a jikin jirginsu na yaƙi mai suna Mosquito. Aibinsa guda ne, amma babba ne ga mai yin jirgin ruwa: yana shan ruwa kamar soso. In ya sha sai ya kumbura, ya yi nauyi, ya karkace.

Ana fara aiki da fukafukai. A shimfiɗa zanen a kan allo mai laushi wanda ba shi da tudu ko kwari ko kaɗan, a rufe zanen da farar leda don kada gam ya kama shi. Sai a kafa doguwar sandar da ke ratsa fiffike, wadda ita ce kamar azarar ɗaki, a jera haƙarƙarin balsa a kanta ɗaya bayan ɗaya, a danne da fil, a sa gam. A nan ne mai gaggawa yake fara yi wa kansa ɓarna. In allon ya ɗan lanƙwashe, fiffiken zai fito a murɗe, jirgin kuma zai riƙa karkata gefe ɗaya muddin ransa. A wuri mai damshi irin Ikko ko Fatakwal, ya kamata a bar kowane sashe a danne ya kwana kafin a cire fil.

MATAKIN DA KE ƘARƘASHIN CIKI

Gangar jikin ita ce ta raba wannan jirgi da sauran. Wanda ya duba ƙarƙashinta zai ga wajen tsakiya an yanke ta, ɓangaren baya ya ɗan haura sama, kamar matakin bene guda ɗaya. Baƙon aiki yakan ɗauka kuskure ne, har ya ɗauko sanfefa ya goge bakin wurin don ya yi sumul. To, wanda ya yi haka ya kashe jirginsa.

Dalili kuwa shi ne, ruwa yana riƙe abin da ke gudu a kansa. In ciki ya zama sumul tun daga hanci har wutsiya, ruwan zai bi jikinsa ya tsotse shi ƙasa, inji ya yi ta kuka jirgi na ta huɗar ruwa kamar garma, ba zai ɗaga ba. Wannan mataki shi ke yanke ruwan, iska ta shiga ta bayansa, jirgi ya hau bisa fuskar ruwa yana sulɓi har ya sami gudun tashi. Saboda haka dole bakin matakin ya kasance da kaifi kamar bakin tebur. Wurinsa ma ba a matsar da shi. Yana zama ne ɗan baya kaɗan da inda nauyin jirgin ya daidaita, kuma zanen ya nuna wurin.

Bayan an lulluɓe gangar jikin da fallayen balsa, sai maganar toshe ruwa. Masu aikin sukan shimfiɗa siririn ƙyalle na zaren gilashi a kan cikin, su shafe shi da gam mai haɗi biyu, dangin Araldite amma mai ruwa-ruwa, su goge, su sāke shafawa, sannan fenti. Abin da aka fi mantawa shi ne can ciki inda ido ba ya gani. Ko yaya aka yi, ɗigo zai shiga, ta wajen da fiffike ya zauna ko ta inda waya ta fita. In ba a shafe katakon ciki ba tun kafin a rufe, ɗigon nan zai zauna ya ruɓar da shi a hankali. Na'urar rediyo da batir kuwa ana ɗaga su sama daga ƙasan jirgin, a sa su cikin leda ko balan-balan a ɗaure bakin. Sai dai a yi hattara da nauyi, gama gam da fenti suna da nauyi fiye da yadda ake zato, kuma jirgi mai nauyi sai ya yi gudu sosai kafin ya tashi.

A bakin kowane fiffike akwai ɗan ƙaramin abin yawo a ruwa, aikinsa ɗaya da goran masunta, yana hana fiffike nutsewa in jirgi ya karkata. A babban Catalina waɗannan sukan naɗe su koma bakin fiffike bayan an tashi. Mai fara koyo gara ya kafa nasa su tsaya cak.

IN INJI ƊAYA YA MUTU

Babbar fitinar jirgi mai inji biyu ita ce ranar da ɗaya ya mutu a sama. Mai rai zai ci gaba da jan gefensa, mataccen kuwa ya zama kaya, sai hancin jirgi ya juya wajen mataccen. In gudun ya yi ƙasa, fiffiken wannan gefe zai faɗi, jirgi ya shiga juyi kamar katantanwa har ruwa. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ne, matuƙin kuwa yana tsaye can nesa a bakin gaɓa, sau da yawa bai ma san wanne ne ya mutu ba. Zuciya za ta ce masa ya ƙara wuta. Abin da gwanaye ke koyarwa akasin haka ne: ya rage wutar mai ran gaba ɗaya, ya sunkuyar da hanci kaɗan, ya bar jirgin ya sauko a miƙe. Tun da a kan tafki ake, ko'ina wurin sauka ne.

A wannan fanni Catalina yana da sauƙi, domin injinansa suna kusa da juna a tsakiyar fiffike, saboda haka jan gefe ɗayan bai cika tsanani ba. Amma da yake suna can bisa gangar jiki, in aka ba su wuta farat ɗaya sukan danna hanci cikin ruwa, feshi ya bugi farfela. Don haka a hankali ake ƙara wuta, ana riƙe da hancin sama har jirgi ya hau mataki.

Ƙananan injinan da aka daɗe ana amfani da su suna shan wani mai ne na musamman, haɗin metanol da man zurma ko makamancinsa. Kowanne da tankinsa a bayansa. Kafin a ɗora su, akan ɗaure kowanne a kan benci a yi ta tashinsa har ya saba, sannan a daidaita su biyun da kunne, sai an ji ƙararsu ta haɗu ta zama ɗaya. Wanda ya takura wa inji mai don ya ji ƙara mai daɗi, shi ne injinsa ke mutuwa a sama. Yanzu kuwa yawancin masu wannan aiki sun koma injin lantarki mai batir. Ba ya mutuwa haka kawai, ana iya sa farfela ɗaya ta juya dama ɗaya hagu, har ma a yi kwana a kan ruwa ta ƙara wa gefe ɗaya wuta. Shi kuma batir ɗin ba ya shiri da ruwa, balle na gishiri.

Rediyon ma ya sauya. A da, in mutum biyu suka kunna nasu a kan zango ɗaya, jirgin ɗaya ya faɗi ke nan, shi ya sa a filayen wasa ake karɓar layi. Tun daga wajen 2006 aka koma wani sabon tsari inda kowane akwati ya san jirginsa kaɗai.

RANAR GWAJI

Kafin a fita, a ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, daidai inda zane ya nuna, yawanci tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku daga bakin gaba. In wutsiya ta rinjaya, a ƙara darma a hanci. Jirgi mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar, amma mai nauyin wutsiya ba ya sarrafuwa. Daga nan a sa shi cikin ruwa ya jima, a buɗe a duba ko ya yi yoyo.

Safiya ta fi, kafin iska ta taso, kuma iskar ake fuskanta wajen tashi da sauka. Ruwan daɗi ya fi dacewa. Ruwan da ya kewaye Ikko yana da gishiri, musamman da rani, kuma gishiri yana cin waya da ƙarfe, don haka wanda ya sa jirginsa a ciki dole ya wanke shi nan take. A nisanci masu wanka da tarun masunta, a kuma yi shiri da mai kwalekwale tun da wuri, domin jirgi yana mutuwa a tsakiyar ruwa. Kada mai shi ya faɗa iyo don ya ɗauko shi, ko da ya iya.

Wanda bai taɓa tuƙa irin waɗannan jirage ba, bai kamata ya fara da wannan ba. Ya fara da mai inji ɗaya mai tashi daga ƙasa, a hannun wanda ya iya, ranar gwajin babban kuma ya miƙa wa gwanin akwatin.

Akwai kuma maganar hukuma. A cikin watan Mayu na 2016, Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwar hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izininta da na ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa. Saboda haka mai niyyar wannan aiki ya nemi bayani a wurin hukumar tun kafin ya aika a sayo masa kwali, kuma kada ya kusanci filin jirgin sama na Ikeja, ko tashar jiragen ruwa, ko barikin soja.