Ƙasarmu a cikin hoto: wa ya ɗauka, a ina ya tsaya?

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har ya kai Gazawa, ya san irin ƙasar da ya keta: gonakin hatsi da dawa, da gujiya da aya, ga gawo tsaye a tsakiyar gona, ga rumbuna jere a bakin gari. Amma mutumin Faransa ko na Amurka wanda bai taɓa taka ta ba, in ya san ta, ta hanyar hoto ya san ta. Hotunan da suka kai gare shi kuwa, in an duba da kyau, iri biyu ne. Ɗaya an ɗauke shi kurkusa ƙwarai, ɗaya kuma daga nesa ƙwarai.

Na kurkusa shi ne hoton shekara ta 2005. Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, fara ta shigo, farashin hatsi ya hau inda talaka ba ya iya kaiwa. Da watan Yuli ya kama, ƴan jarida na ƙasashen waje suka cika Maraɗi, akasarinsu kuma wuri ɗaya suka nufa, watau wuraren jinyar yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe irin waɗannan wurare a Maraɗi da Agye da Tsibiri da wasu garuruwa, kuma a shekarar nan kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar. Hoton da ya fi kowane yin suna a Tawa aka ɗauke shi, ran 1 ga watan Agusta. Wani ɗan ƙasar Kanada ne ya ɗauka, Finbarr O'Reilly, ma'aikacin kamfanin dillancin labarai na Reuters. A farkon 2006 alƙalan gasar World Press Photo a Amsterdam suka zaɓe shi hoton shekara na duniya duka.

Ya kamata mai son koyon sana'ar nan ya tsaya a kan wannan hoto. Fuskar uwa ce cikin lulluɓi, da yatsun ɗanta, sirara, a kan leɓenta. Shi ke nan. Ba a ganin gado, ba a ganin likita, yaron ma ba a ganin jikinsa duka. Mai hoton ya matso har ya fitar da kome daga cikin hoton, ya bar abu biyu, ido da hannu. Ƙarfin hoton daga nan yake, gama idon mai kallo ba shi da wurin gudu. Hoton ya yi aikinsa, shi da ire-irensa, taimako ya zo, an ceci rayuka. Sai dai abin da aka fitar ya fita. Mai kallo ba zai san ko garin matar yana da kasuwa ba, ko akwai hatsi a kasuwar, ko mijinta ya tafi cin rani, ko rumbunsu yaushe ya ƙare.

Na nesa kuwa daga jirgin sama aka ɗauke shi. A 1975 an bi ƙasar nan da jirgi ana ɗaukar hoto domin aikin taswira. Shekaru kusan talatin bayan haka wani masani na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Gray Tappan, ya ɗauko waɗannan tsofaffin hotuna ya aza su kusa da sababbi. A wurare da yawa, inda a 1975 fili ne fetal da ɗigon itace nan da can, sai ga ɗigo baƙi-baƙi sun cika gonaki. Hoton ƙauyen Galma na jihar Tawa, na 1975 da na 2003, ya zaga duniya. Shi da Chris Reij da Melinda Smale sun buga bincike a 2009 inda suka ƙiyasta cewa gonakin da itace ya komo cikinsu a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, sun kai kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Mutanen Agye ba su buƙatar a gaya musu dalili. Sassaben zamani ne: manomi ya bar ƴan rassa masu ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ya datse sauran, ya kare su daga gatari da dabba. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, ya fara yaɗa dabarar a 1983, yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka karɓe ta, aikin raya karkara na Agye wanda asusun FIDA ya tallafa ya ƙarfafa ta. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da kwamitin tsaron itace wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya. To amma a hoton sama ba a ganin ko ɗaya daga cikinsu. Ba a ganin hannun da ya riƙe adda, balle gardamar da aka sha da mai satar itace.

Abin lura shi ne, hotunan nan biyu na ƙasa ɗaya ne, kusan na lokaci ɗaya. A shekarar da yara ke kwance a wurin jinya na Agye, itatuwan suna nan tsaye a gonakin iyayensu. Babu wanda ya yi ƙarya cikin masu hoton. Abin da ya ɓace shi ne hoton tsakani, wanda mutum ke ɗauka yana tsaye da ƙafarsa, daidai tsayin idonsa: mai awo yana cika tiya, mace tana ƙirga kuɗin da ke hannunta ta ga ba su kai ba, wata tana sayar da itacen da aka datse a gona ta sayi hatsin dare, buhuna a kan babbar mota sun nufi iyaka. A nan labarin 2005 yake. Baƙo mai kwana uku ba zai same shi ba, jirgi kuma ba ya ganinsa. Sai ɗan gari.

Ɗan gari kuwa ya daɗe da sanin hoto, amma ta fuska ɗaya. A da, mai hoto yakan rataya ƙyalle a jikin bango, mutum ya zauna a kujera ya miƙe wuya, a ɗauke shi domin katin shaidar ɗan ƙasa, ko ran salla da sabuwar riga. Hoton tsayuwa ke nan. Wanda ya fita da na'urarsa ya bi mutane cikin harkarsu bai yi yawa ba a ƙasarmu. A Yamai an yi Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014. Shi ya bi wuraren rawa da bukukuwa na birnin a shekarun 1960 da 1970, kuma albarkacinsa aka san yadda samari da ƴan matan farkon mulkin kai suke sa tufa da yadda suke dariya. A Bamako an yi Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar girma ta Banis a 2007. Su duka biyu kuɗin abinci suke nema, ba su ce tarihi suke rubutawa ba, amma tarihin ne ya rage.

Yau salula mai ɗaukar hoto ta shiga kowace kasuwa. Na'ura ta samu, saura sana'a. Farkon sana'ar kuma a ƙafa take. Kafin ka danna, ka tambayi kanka abin da kake son a gani, sa'an nan ka taka har inda za a gan shi. Yawancin hotunan da ake turawa juna an ɗauke su daga inda mai salula ya tarar da kansa, sai mutumin da ake nufi ya zama ɗan ƙanƙane a tsakiya, sama da ƙasa sun cinye sauran. Ka matsa. In mai saƙar tabarmar kaba ce a bakin Gulbin Kaba tana zaune, ka durƙusa daidai da ita, gama hoton da aka ɗauka daga sama yakan ƙasƙantar da mutum. Bayan haka ka bi gefen hoton huɗu da ido, kamar mai duba shingen gona. Abin da ke bayan mutum yana cikin hoton ko ka so ko ka ƙi: turken wuta da ya tsiro a kan hular dattijo, ko leda a ƙasa, ko ƙafar wani da aka yanke. Taki ɗaya zuwa dama yakan gyara wannan duka. Kuma ba tilas mutum ya zauna a tsakiya ba. In manomi yana duban gonarsa, ka sa shi a gefe, ka bar wa gonar fili a gabansa, sai hoton ya faɗi abu biyu a maimakon ɗaya.

Rana ita ce abokiyar gaba kuma ita ce uwar ɗaki. Da tsakar rana haske yana faɗowa daga bisa, hula da rawani su rufe ido da inuwa, farar riga ta ƙone, fuska ta yi duhu. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, haske yana zuwa daga gefe, ya fito da tsagen fuska da zanen bango da kunyar gona. In dole ne da rana tsaka, a shiga inuwar rumfa ko ta bedi, a juya fuskar mutum wajen fili. Hazon hunturu da mutane ke ƙi yana da amfaninsa, don yana tausasa haske, ya raba na kusa da na nesa.

Sauran duka haƙuri ne. Mai shiga kasuwa yana ɗaga salula nan da nan, abin da zai samu shi ne yara sun taru suna tsalle, manya sun ɗaure fuska. Wanda ya gaisa, ya zauna kusa da mai awo har aka manta da shi, shi zai kama lokacin da hannu ya miƙa kuɗi, hannu ya karɓa. Ran hawan salla a Tsibirin Gobir kowa dawaki yake ɗauka. Mai wayo yakan juya baya sau ɗaya ya ɗauki masu kallo a kan katanga. Labari kuwa ba ya cika da hoto guda. A ɗauki wuri duka domin a san inda ake, a ɗauki mutum da aikinsa, a ɗauki hannu da abin da ke cikinsa. Aya daga haƙa zuwa tankaɗe zuwa buhu a tashar Cadawa, wanda bai iya karatu ba ma zai karance ta.

Akwai abin da ya fi iya tsara hoto nauyi, shi ne izini. Ba a shiga gari sai an gai da mai gari, ba a ɗaukar matar aure ko yaro marar lafiya sai an yarda, wanda ya ce ba ya so kuma a bar shi, ko don addini ne ko don kunya. Wannan ya ƙara nauyi tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga. Fuskar wanda ya tsere, in ta shiga salula, tana iya komawa har hannun wanda ya kore shi. Ana iya ba da labarinsa da hoton bayansa, ko na tukunya da tabarmar da ya iya ɗaukowa. A ganina mai hoton da ya kasa nuna wa mutum hotonsa ido da ido bai kamata ya nuna wa duniya shi ba.

Ga ma'aikatan gwamnati kuma akwai darasi a hoton 1975. Wanda ya ɗauke shi bai san za a yi maganar itace da shi ba. Ya yi amfani ne sabo da an rubuta masa wuri da shekara, an kuma adana shi. A Amurka, daga 1935 zuwa 1944, gwamnati ta ɗauki masu hoto aiki, cikinsu har da Dorothea Lange, ta aike su ƙauyuka lokacin fari da talauci. Abin da suka tara, kimanin hoto 175,000, yana nan a babban ɗakin karatu na majalisar ƙasar, mai bincike yana zuwa ya duba. Mu a nan hotunan ofis sun fi yawa wajen yanke ƙyalle da jerin manyan baƙi, su ma cikin salular wani ma'aikaci suke, ran da ta faɗa ruwa ko aka yi masa canjin wurin aiki sun tafi. Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Yaron da aka haifa a shekarar nan, in ya girma ya nemi ganin yadda garin yake a lokacin, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Malamin gona, ko na gandun daji, ko wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya zaɓi wurin da ba ya gusawa: bakin rijiyar siminti, ko kusurwar masallaci, ko gindin tsohuwar kuka a gefen dajin Ɗan Kada Dodo. Ya tsaya nan ya fuskanci gabas ko yamma, ya ɗauka sau biyu a shekara, da kaka da kuma bazara. A wanke hoton a takarda, a rubuta a bayansa da Hausa, da boko ko da ajami: sunan gari, da rana da wata da shekara, da inda aka fuskanta, da kuɗin tiyar hatsi a kasuwar wannan mako. Kwafi ɗaya ya zauna wurin mai gari, ɗaya a lakwal, ɗaya a ofishin gunduma, cikin akwatin ƙarfe inda gara ba ta kaiwa.