Ƙaramar Kwamfuta a Gefen Talabijin

Ƙaramar kwamfutar tebur, irin su Intel NUC, Mac mini ko Raspberry Pi, na iya mayar da falo gidan kallo. Wayar HDMI guda ce ke kai hoto da sauti zuwa talabijin. Sai a saka mata manhajar Kodi, wadda kyauta ce, kuma da sunan XBMC aka san ta kafin 2014. Ita ke jera fina-finan da ke rumbun ajiya, mutum ya zaɓa da rimot ko babu intanet.

Irin wannan kwamfuta ba ta shan wuta sosai, shi ya sa ta dace da gidan da ke amfani da sola. Kafin saye, a tabbatar tana buga bidiyon 4K ba sarƙewa, kuma fankarta ba ta cika ƙara ba.