Harza Mai Narkewa da Ciwon Hanji na IBS

Ciwon da likitoci ke kira IBS yana zuwa da murɗawar ciki, kumburi, da rikicewar bayan gida: yau gudawa, gobe tauri. Gwaji ba ya nuna rauni a hanji, amma mai shi yana shan wahala.

Harzar abinci iri biyu ce. Marar narkewa, kamar dusar alkama, takan ƙara wa wasu kumburi da ciwo. Mai narkewa kuwa tana tsotse ruwa ta zama mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ta haka take tausasa bayan gida mai tauri, ta kuma ɗaure mai ruwa-ruwa.

Wadda aka fi sani ita ce psyllium, ɓawon irin wani tsiro da ake nomawa a Indiya, ana sayar da shi da sunaye irin su Fybogel da Metamucil. A 2021 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar amfani da irin wannan harza ga masu IBS.

A fara da kaɗan, giram 3 zuwa 4 a rana, a ƙara sannu a hankali cikin makonni. A dama a cikakken kofin ruwa a sha nan take, domin in ya jima yakan kafe. A bar tazarar awa 2 tsakaninsa da sauran magunguna.

Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, kada ya tsaya jiran harza, ya garzaya asibiti.